Motar Baba ta sha ruwan gishirin Awe

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanyar Awe daga Lafia, ni da yayana, a cikin tsohuwar motar marigayi Babanmu. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Yaya ya riga ya samo mai saye, don a cewarsa motar ta gama yayi: da rana ta take sai ta mutu murus, ko ɗan tudu sai da lallashi. Ni kuwa na ƙi. Muka yi sharaɗi, in ta je Awe ta dawo cikin zafin Maris ba ta ba mu kunya ba, za ta zauna a gida.

Motar mai turbo ce. A gaban lagireto akwai wani ɗan'uwansa da makanikai ke kira intakula, aikinsa sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji. In shi ma ya ɗau zafi, ƙarfin mota ya tafi. Dabarar da na yi ita ce in riƙa fesa masa ruwa, ruwan na bushewa yana janye zafin, kamar yadda randa ke yi. Na samo tankin wanke gilashi da ɗan famfonsa a panteka, da siririn tiyo, da kan feshin maganin ciyawa guda biyu daga wani shagon manoma a Kwandere. Na ɗaure su a bayan bamba, na jawo waya zuwa maɓalli kusa da sitiyari. Kwana uku ina wannan aiki, maƙwabta na tambaya ko gona zan buɗe a cikin mota.

Hanyar Obi da safe lafiya lau, sai ramuka nan da can da masu babur ɗauke da doya har ba ka ganin kansu. Ni dai doki ya hana ni sakat, kowane tudu sai na danna maɓalli.

"Kana ɓarnar ruwa," in ji Yaya. "Da sanyin safiya ko jaki ma gudu yake. Dawowa ce jarrabawa."

A Obi muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. Mangwaro kuwa araha kamar a ce kyauta.

Mun isa Awe da hantsi, tanki ya ƙafe ƙaf. Muka leƙa wajen da mata ke dafa gishiri, tukwane jere a kan wuta, hayaƙi na cin ido. Yaya na cinikin gishirin tsaraba, ni kuma na hango ruwa garai-garai a wata babbar roba. Na roƙi dattijuwar da ke wurin ta sam mini.

"Oga, wannan ruwa ba na sha ba ne fa," ta ce.

"Mama, mota ce za ta sha."

Ta dube ni, ta dubi motar, ta miƙo mini moɗa. Ban tambayi dalili ba, na cika tanki ina jin kaina injiniya.

Bayan azahar muka juyo, rana kamar ta narka kwalta. Da farko abin ya yi kyau, ina dannawa mota na amsawa, har na fara satar kallon Yaya. Kafin mu kai Obi sai famfo ya koma kuka kawai, mota ta koma halinta. Wata tifa cike da yashi ta wuce mu a kan tudu. Na tsaya na leƙa. Intakula ya yi fari fat, kawunan feshin sun toshe. Na dangwala na lasa: gishiri. Ruwan da suka tace don dafawa na ɗura, kuma gishiri cin ƙarfe yake yi.

Gaskiya zuciyata ta karye. Na sha kaye a sharaɗi, kuma da hannuna na cuci motar da Baba ke wankewa da kansa duk Juma'a.

Yaya ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Bai yi dariya ba, wanda da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya tsallaka titi ya dawo da jaka biyu ta fiya wata. Mutumin da ko ƙura ba ya bari ta taɓa masa shadda, sai ga shi a guiwa yana fasa leda da haƙori, yana wanke intakula layi-layi. Ni na ɗauraye tanki, na zura wata allura da ke maƙale a hularsa na buɗe kawunan feshi. Daga nan har Lafia motar ba ta sake tari ba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: a sa ruwa mai daɗi kawai, a ajiye feshi sai rana ta yi, kuma in mai wuri ta ce ruwa ba na sha ba ne, a tsaya a ji sauran zancen.

Muna shiga gida da la'asar mai saye ya kira. Na miƙa wa Yaya makulli, tunda sharaɗi sharaɗi ne. Ya ɗaga waya, guiwoyin shaddarsa jajir da ƙasa.

"Alhaji, ka yi haƙuri," ya ce. "Motar Baba ba ta sayarwa ba ce."

Ya mayar mini da makullin, ya ce gobe in nemo tanki mafi girma.