Kurtun da Aka Ci a Gidan da Ba Kowa

Ƙanshin man takalmi yakan mayar da ni zauren baffana a Tunga, Allah ya jiƙansa. Da shi yake shafe baƙaƙen 'ya'yan ces, darar nan ta Turawa da ya koya wurin Indiyawa lokacin da yake aikin reluwe. Wani kafinta Banufe ne ya sassaƙa masa su. Ƙananan da ke sahun gaba, kurata yake kiransu.

Ni ne abokin wasansa bayan la'asar. Ni kaɗai nake zama a buzun da ke fuskantarsa, kuma gida duka an san wata rana allon nan nawa ne.

Sai wata damina aka kawo ɗan goggona daga Kagara don karatu. Taubashina ne, bakinsa ba ya hutawa. Kafin dawa ta nuna, na fara dawowa daga islamiyya in tarar da shi a kan buzuna.

Ranar da Baffa ya haɗa mu wasa, ana yayyafi. Na tura kurtuna taki biyu daga mazauninsa, ya tsallake gidan da kurtun taubashina ke tsaro, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. A sanina ya tsira. Sai yaron nan ya gitta nasa zuwa gidan da na tsallake, inda ba kowa, ya ɗauke nawa.

Na ce, "Baffa, dubi sata da rana tsaka."

Taubashina ya ce, "Ɗan birni, ka wuce mutum ba sallama, ka ce ba za a tare ka ba?"

Baffa ya ce daidai ne. Kurtun da ya yi tsallen nan ana cinsa kamar taki ɗaya ya yi, amma nan take. In an jinkirta, damar ta wuce.

Ba cin ne ya ƙona mini rai ba. Shekaru ina gaban Baffa, bai taɓa nuna mini wannan ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Kai so kake ka ci ni. Shi kuwa tambayata yake yi."

Allon yana Kagara yanzu. Jikokina a waya suke wasan, ita kuwa kowa take koya wa, ba ta da ɗan lele. Ranar sallah taubashina yakan kira ni in zo mu buga. Nakan ce masa hanya ba kyau.