Daga Isa zuwa Burkusuma Neman Jan Yoɗo

Rana ta farko

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na rataya jaka na fita daga gidana a Isa. A jakar akwai riga ɗaya, da ƙunshin ƙuli-ƙuli, da wani ɗan ƙulli da bai kai kan babban yatsa ba, wanda saboda shi nake tafiyar. Shekara ta biyu ke nan ta fari, ni kuma a lokacin malamin gona ne. Matata Hajara ta rako ni zaure tana cewa mutane na fita neman hatsi, ni na fita neman ciyawa. Gaskiya ta faɗa.

Ciyawar ita ce jan yoɗo. Ɗan'uwan karkashin da kowa ya sani ne, sai dai furensa ja ne mai duhu, kuma da kansa yake fitowa a gonar gero. Muna yara, gonakinmu ja suke yi da shi a ƙarshen damina. Tun kafin fari ya yi ƙaranci, da yunwa ta zo kuwa aka tsinke ragowar tun bai yi 'ya'ya ba. Abin da ya saura shi ne ɗan fegin da nake ba ruwa a bayan gidana, kuma dukansa jikokin tushe ɗaya ne da na ciro daga gonar mahaifiyata. Kowace shekara sai ya ƙara tsumburewa, yawancin kwanson ya fito ba ƙwaya. Na san in ban samo wani iri daga wani wuri na haɗa da nawa ba, damina ɗaya ko biyu ta rage masa.

Motar a-kori-kura muka samu, ta tashi bakwai saura. Kusa da ni wani dattijon Bafulatani ne, Ardo Manu, za shi kasuwa ya ga yadda farashin shanu yake. Da ya ji abin da ya fito da ni bai yi dariya ba, shi kaɗai a motar.

"Malam, ai mu mun san wanga ciwo," in ji shi. "Bijimi guda in ya daɗe cikin garke har shina hawan ɗiyanai, maruƙa sai su dinga hita awa kare. Dole ka tahi rugar wani ka aro jini."

Abin da aka shekara ana koya mana a makarantar aikin gona ke nan, ya faɗe shi yana ɓare goro.

Mil ashirin da 'yan kai ne zuwa Sabon Birni, amma sai tara da rabi muka isa, domin sau biyu muna sauka mu tura mota a yashi. Na sha fura a tasha, na hau wata motar zuwa Unguwar Lalle. Can na yini ina bin gonaki da wani manomi da ya san ni ta wurin aiki. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ko tushe ɗaya na yoɗon ban gani ba. Na tambaye shi ina ya tafi.

"Ba ku kunka kawo muna garmar shanu ba? Hauya na da ido, Malam, ta san abin da za ta bari. Garma ba ta san kowa ba."

Na ji kunya ƙwarai, don ni da bakina na yi wa'azin garmar a garin. A zaurensa na kwana.

Rana ta biyu

Da hantsi na koma Sabon Birni, na yi ciniki da mai babur zuwa Burkusuma. Fatana duk yana can. Mako biyu kafin nan na aika ta bakin wani ɗan kasuwa zuwa ga Malam Ada, abokin karatuna na allo da ke zaune a wata 'yar unguwa gaba da garin, ina tambaya ko jan yoɗo ya saura a wajensu. Amsar da ta dawo gajera ce: akwai, ya zo.

Ƙarfe ɗaya muka ci karo da shingen 'yan kwastan, masu tsare hatsi kada a ƙetare da shi. Ɗayansu ya zazzage jakata, ya kwance ƙullin, ya sunsuna, ya dube ni sama da ƙasa. Na ce irin ciyawa ne. Ya ce duk mai tafiya da irin ciyawa a shekarar nan ba ɓarawo ba ne, addu'a yake buƙata. Ya ɗaure mini da kansa, muka wuce.

Mun isa gidan Malam Ada ana kiran la'asar. Muka rungumi juna, muka yi sallah, aka shimfiɗa tabarma. Ba a jima ba aka shigo da tuwon gero da miya mai yauƙi tana turiri. Loma ta farko na gane ta. Ɗanɗanon miyar mahaifiyata ne, har idona ya kawo ruwa. Loma ta uku na ga ɗan jan fure a gefen kwano, sai hannuna ya tsaya.

"Ada, ina kuka samo wannan?"

"Ci abinka. Ran da saƙonka yaz zo nis sa mata sunka bi gonaki dut, anka tuge shi anka shanya. Ga buhu can na iyalinka, kak ka ce komi."

Ya nuna mini rabin buhu jingine da bango. A shekarar yunwa, in babban mutum mai albashi ya aiko yana tambayar ganye, abu ɗaya Bagobiri zai fahimta: gidansa ba abinci, kunya ta hana shi faɗa. Sai suka rufa mini asiri yadda ya kamata, suka tuge abin da ya rage musu na miya, tun yana fure, suka tara mini. Na zauna da tuwo a hannu, na rasa godiya zan yi ko kuka. Abin da na yi kwana biyu ina nema, ga shi ina ci.

Da na yi masa bayani, Malam Ada ya dafe kai yana salati. Muka zazzage buhun a tabarma muna tonon kwanso. Duk ɗanyu ne aka shanya, ba ƙwaya ɗaya mai baƙi.

Muna cikin haka sai ga mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta fito da sanda, tsohuwa ƙarama mai zanen Gobir har kunne. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi ganyen da muka baza, ta dube mu.

"Mi kuka nema cikin miya awa kaji?"

Ada ya gaya mata. Ta yi tsaki.

"Maza! Ku cikin tukunya kaɗai kunka san yoɗo. Da ni anka tambaya, da ba a wahal da ɗiyan mutane ba. Ɗana, ci tuwonka, da sahe mu gani."

Rana ta uku

Bayan asuba ta kira ni ɗakinta. Daga rataye ta sauko da wata tsohuwar gora da aka toshe bakinta da laka. Ta fasa lakar, ta zazzage toka a faifai, sai ga ƙulli uku na tsumma. A wajensu, in ji ta, mace ba ta zuwa gidan miji ba da irin miyar gidansu ba. Na farko nata ne, daga garin da aka haife ta. Na biyu na uwar mijinta ne, wadda aka auro daga ƙetaren iyaka. Na uku wata Bafulatana ce ta ba ta a bakin rijiya. Duk shekara tana watsa kaɗan daga kowanne a 'yar gonarta, wuri daban-daban, ta tsinci kwanson da ya nuna kafin kowa ya taɓa ganye. Bana ma ta riga masu tugewa da kwana huɗu.

Ta kwance su. Ƙwayoyi baƙaƙe, cikakku, masu sheƙi. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Wani nauyi da na shekara uku ina ɗauke da shi ya sauka, na dinga alhamdu lillahi kamar wanda aka ce matarsa ta sauka lafiya.

Na sa hannu a aljihu, ta daka mini tsawa.

"Iri ba a sai da shi. Musaya aka yi. Ina naka?"

"Inna, nawa ya lalace. Ba shi da ƙarfi."

"Na wa na?"

"Na mahaifiyata ne."

"To shi nika so. Ba ni da na Isa."

Na miƙa mata ƙullin. Ta raba shi biyu da farce, ta yagi bakin zanenta ta ɗaure rabi, ya zama na huɗu a gorar. Sannan ta ɗebar mini daga ukun nan, kowanne da ɗaurinsa, ta ce kada in gauraya su a hannu, in shuka su kusa da juna in bar wa zuma aikinta.

Ƙarfe takwas mai babur ya zo. Malam Ada ya rantse sai na tafi da buhun, na rantse ba zan raba yaransa da miya ba, muka ƙare a kan mudu ɗaya. Sha ɗaya muna Sabon Birni, na jira mota har azahar, ban shiga Isa ba sai biyar da rabi na yamma, jaka rungume a ƙirji duk hanya.

Da ruwa ya sauka a shekarar da ta biyo baya na shuka su layi huɗu. Furen ya fito kala-kala, wani ja mai duhu, wani da ɗigon fari a baki, kuma zuma ba ta bar fegin ba. Irin da na tsinta na sake shukawa a damina ta gaba, tsiron ya kai mini ƙugu. Ran da na murza kwanso na farko ya fashe, ƙwayoyi suka cika mini tafin hannu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sannan ga Ardo Manu, da Malam Ada da mutanen gidansa da suka ba ni miyarsu a shekarar da ba su da wata, da Inna Kulu. A ranar da kwanson ya fashe Hajara ta zo ta tsaya a bakin fegin da kwarya. Shekara biyar ke nan na hana kowa a gidan tsinkar ganye ɗaya. Na ce mata ta shiga ta cika ta.