Kwamfuta a Buhun Gero

Jama'a, yau saura ƙiris aikin da nake nema ya kuɓuce mini!

Ƙarfe sha biyu za a yi mini intabiyu ta bidiyo. Jiya ruwa ya dake ni a hanyar Zoza, kwamfutata ta jiƙe. Inna ta ce, "Kawo nan, hatsi na shanye laima." Ta cusa ta cikin buhun gero.

Da safe na kunna, sai ƙara kamar injin niƙa, ta ɗauke ɗif! Na hau babur sai Ƙaraye. Mai gyara na kwance ta, gero ya zubo daga fankar cikinta.

Ya ce, "Malam, gyara ka kawo ko surfe?"

Ya hure, ya ɗaure. Saura minti huɗu ta kawo haske! A bencinsa na amsa tambayoyin, gero fal a cinyata.