Kamun Baba

Shekarun baya, Jigawa tana sabuwar jiha, na shiga wata kwaleji kusa da Dutse wadda ta yi suna a ƙwallon kwando. Duk gasar da aka je, da kofi ake dawowa. Ni ma ina cikin 'yan wasa, ko da yake benci ya fi kowa sanina.

Zaman bencin ne ya ba ni lokacin tunani. Me ya sa muke ci? Ba mu fi kowa tsawo ba, filinmu kuma duk faci. Abokina ya rantse laya aka binne a gindin ƙarfen da ke riƙe da kwandon. Ni abin da na lura shi ne, a gida ƙwallo sai an lallaɓa ta take shiga, amma in mun je waje, ko ni na jefa sai ta faɗa.

Ana nan aka kawo mana sabon malamin wasanni. Ran nan ya hau tebur da tef ɗin awo, ya auna zoben kwandon, ya sake aunawa.

"Wannan ai bai kai ƙa'ida ba," in ji shi. "Wane ɗan koyo ne ya ƙera shi? Ranar Litinin a cire."

Aka yi dariya, har da ni. Alhali mahaifina ne ya ƙera shi, a maƙerarsa ta Jahun, tun ina firamare. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don a makaranta cewa nake mahaifina ɗan kasuwa ne.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi gida. Na tarar da shi yana dukan garma. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, zoben nan na makarantarmu, da me ka auna shi?"

"Malaminku na da ya ce faɗinsa kamu ɗaya. Na yi masa kamu ɗaya."

Ya miƙo hannu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Baba gajere ne. Na jera nawa kusa da nasa, sai ga nawa ya ɗara da yatsa uku. Nan take na gane komai. Shekara da shekaru muna koyon jifa a matsattsen zobe, shi ya sa na waje yake zame mana kamar bakin rijiya.

Ina ta murnar na warware sirri, sai na ga ya ajiye guduma.

"Sun ce aikin bai yi ba ne?" ya tambaya a hankali. "In haka ne ka faɗa mini, in je in gyara. Ban saba a jefar da aikina ba."

Na ce babu komai. Kunya ta hana ni kallonsa.

Litinin da safe, an riga an kawo sufanar kwance zoben, na tsaya a gaban kowa na ce, "Malam, mahaifina ne ya ƙera shi. Maƙeri ne." Sai na yi bayanin kamun. Malam ya daɗe yana kallon zoben, sannan ya ce a mayar da sufanar. Aka sa sabo a ɗaya ɓangaren saboda baƙi, na Baba ya zama na horo. Muka ci gaba da kawo kofuna har na bar makarantar.

Har yau ina tambayar kaina ko zoben ne kaɗai, ko kuwa don mun yarda da shi ne. Ban sani ba. Abin da na sani, Baba ya rasu yana alfahari da cewa ɗansa ya tsaya masa a gaban malamai. Ban taɓa samun ƙarfin zuciyar gaya masa cewa da ni aka fara yi masa dariya ba.