Fukar Ɗan Fari

Ko duk abin da ke kaina ya zube, ranar da na sa aka goge takardar nan ba za ta zube ba.

Wankan jegon surukata ya kai ni Kuala Lumpur, korona ta rufe hanya, na zauna. Gidan ɗana na fari yana hawa na goma sha huɗu a Pantai Dalam, inda gajimare ke giftawa ta taga, jirgin ƙasa na ta yawo can ƙasa ba kowa ciki. Karatun teku yake yi. Yakan nuna wa matarsa hotuna, ina gefe kamar ban gani ba: ruwa shuɗi shar, kifaye sanye da atamfa, duwatsu masu fure. Can zai nutsa da tukunyar iska a baya, in bai nutsa ba karatu bai cika ba. Amma sai likita ta sa hannu.

Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. Shi ya sa bai san ya yi fuka yana ƙarami ba. Kakarsa ke rungume shi in ƙirjin ya fara busa kamar sarewa, ni ina bayan ƙofa ina saurare. Ya girma, abin ya lafa, na yi shiru. To, bayan korona ta kama shi ta sake shi, sai na sake jin sarewar nan, siririya.

Wata hantsi matarsa na karanta masa tambayoyin da ke takardar likita. Ta ce, "Ka taɓa yin fuka?"

Ya yi dariya. "Ni? Ko mura sai ta roƙe ni. Sa a'a kawai."

A zuci na ga ruwan nan shuɗi ya rufe kansa, na ga kumfa na tashi, sannan ta daina. Na dubi bango na ce, "Ki ce wa wancan a goge."

Ya ce, "Umma, me za a goge?"

"A'ar nan. Ya yi. Damina huɗu yana yi."

Can ya ce a hankali, "Ashe kina ƙirgawa."

Likitar ta sa ya hura iska cikin wani bututu, ta ba shi maganin shaƙa, ta hana shi ruwa. Abokan karatunsa suka tafi suka bar shi. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Sai bayan watanni, da aka sake awo, ta sa hannu, da sharaɗin kada ya yi zurfi.

Da ya dawo daga teku, ni ya fara miƙa wa wayarsa. Ga shi can cikin shuɗin, kumfa na tashi, tana tashi, ba ta tsaya ba. Ran nan na kalle shi sosai, ban kau da kai ba.

Kunya ado ce, ban musa ba. Amma ciwon da ɗa ya yi, hakkinsa ne ya sani. Uwa ta faɗa tun da sauran numfashi.