Na'urar Masu Ciki a Kan Idon Maigidana

Ina tsakar wanki a gidanmu na unguwar Dagmanet maƙwabcinmu ya yi sallama, ya ce maigidana ya faɗi da moto, wato babur, a hanyar Dabaga, inda yake zuwa sarin albasa. Ko hannu ban ɗauraye ba na bi shi asibiti.

Na same shi kwance, ba jini, sai ƙullutu a bayan kunne. Ya gane ni, har ya tambayi buhunansa. Bayan azahar ya fara amai, harshensa ya yi nauyi, ana kiransa yana lumshe ido. Na ruga na kira likita.

Likitar mace ce, siririya. Ta ce, "Hajiya, tsorona kada ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ƙoƙon kai ba ya buɗawa, in ta kumbura sai ta matsu a ciki. Dole mu duba."

Na taɓa jin in za a duba matsin, huda kai ake yi a zura waya. Na kama hannun rigarta. "Likita, don Allah kada ku fasa masa kai."

"Ba abin da za mu fasa. Riƙe masa hannu."

Ta turo ekografi, irin wadda aka riƙa ɗora mini lokacin da nake da juna biyu. Ta rufe masa ido, ta shafa wani mai a fatar, ta ɗora kan na'urar a hankali. A gilashin na'urar sai ga baƙar da'ira da wani zare a bayanta. Ta ce jijiyar ido ce, in matsi ya ƙaru a kai, rigar jijiyar takan yi faɗi. Ta auna, ta koma ɗaya idon.

"Ta ɗan yi faɗi," in ji ta. Aka ɗaga masa kai, aka sa masa serom, wato ƙarin ruwa. Ta ce in faɗin ya ƙaru, sai an kai shi Yamai. Na tuna nisan hanyar.

Duk dawowarta da na'urar, fuskarta nake kallo. Washegari da hantsi ta auna, ta ce ba ta ƙaru ba, raguwa ma take. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka.

Da la'asar ya buɗe ido ya nemi shayi. Har yanzu in rana ta yi zafi kansa yakan sara, sai in ajiye aikina in tsaya ina kallonsa, har ya ce in tafi, lafiyarsa lau.