Farashin Ƙabar Malam Tassiou

Duk wanda ya taɓa kai motarsa gyaran taya a bakin unguwar Glenwood ya san Malam Tassiou, kuma ya san ba a barin shagonsa da taya kaɗai, sai an haɗa wa mutum da huɗuba. Dogo ne, mai ɗan gemu da furfura ta fara ci, mutumin wajen Maradi. Cacar biza ce ta kawo shi birnin Greensboro na Amurka tare da matarsa Ousseina da 'yarsu Houda, lokacin tana 'yar shekara biyar. Ya yi wankin kwanuka, ya yi dakon kaya a sito, kafin Allah ya hore masa ɗan shagon da yake sayar da tayoyi na hannu.

Huɗubarsa ɗaya ce kullum: gwamnati ta cire hannunta daga harkar lafiya, a bar wa kasuwa. Kuma ba da ka yake faɗa ba. Can ƙasarsu ya yi shekara bakwai yana miƙa magani ta taga a wani ƙaramin asibitin gwamnati. Yana nan aka yi shelar cewa daga yau maganin yara kyauta ne. An yi murna har da guɗa. Bayan 'yan watanni kantoci suka bushe, uwa ta zo da ɗanta jiki zafi rau, shi kuma ba abin da zai miƙa mata sai takarda, ya ce ta je kemis na bakin kasuwa.

"Mai kemis bai taɓa cewa babu ba," in ji shi. "Don me? Don in ya ce babu, shi ma babu tuwo gidansa. Amma ni, ko akwai ko babu, albashina na nan."

Shi ya sa shekarar da dokar inshorar lafiya ta fara aiki a nan, aka ce ko ka saya ko a ci ka tara, Tassiou ya zaɓi tarar. Ousseina, wadda ke kitso a gida, ta yi magana har ta gaji.

"Malam, kuɗin da za ka ba su a banza, ba gara ka sayi abin ba?"

"In na saya sun ci ni. In na biya tara, aƙalla sun san ban yarda ba."

"Wa ya sani? Kwamfuta?"



A cikin masu kawo masa aiki akwai wata Baturiya mai suna Christy, mai gonar dawaki a Summerfield, wadda tirelarta ke cin taya kamar me. Ranar da ta fara jin huɗubar, cikin Turancinsa mai ƙanshin Faransanci, sai ta tsaya baki sake, ta ce shekara goma tana neman wanda zai faɗi abin da ke ranta haka a miƙe. Tana cikin wata ƙungiya ta masu ƙananan sana'o'i da ke adawa da shigar gwamnati harkar asibiti. Ta riƙa kawo masa 'yan takardu yana liƙawa a bango, kusa da kalandar masallaci. Ita ce kuma ta nuna masa asibitin Dokta Nanret, wata likita 'yar Filato da ta daina karɓar inshora kwata-kwata. Wata-wata ake biyanta kai tsaye, kamar kuɗin waya, farashin kowane gwaji kuma yana rubuce a jikin bango.

Ranar da Tassiou ya ga wannan bangon, kaɗan ya rage ya yi hawaye. Ga likita tana jin Hausa, ga farashi a fili, ga shi ba layi. Ya yi rajista da kansa da Ousseina. Shekaru suka yi ta tafiya lafiya lau, hawan jininsa ya kwanta, har tarar ma aka soke ta. In an fito sallar Juma'a yakan tara mutane a wurin ajiye motoci ya ce su zo su ga kasuwa da idonsu.

Sai ga ƙaba.

Wata safiya ya ɗaga tayar babbar mota, ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙasan mara. Ya yi wata biyu yana ɓoyewa kafin ya je. Dokta Nanret ta duba, ta cire safar hannu ta ce, "Baba Tassiou, wannan sai tiyata. Ni kuma ba na yi. Sai babban asibiti."

"To nawa ne?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ke likita ba ki sani ba?"

"Su ma can ba lalle su sani ba," in ji ta, ba tare da ta yi dariya ba.

Ya ɗauka wasa take. Washegari ya rufe shago, ya sa babbar riga, ya tafi cin kasuwa kamar mai neman ragon layya. A asibitin farko matar da ke kan tebur ta tambaye shi wace inshora gare shi. Ya ce babu, da kuɗinsa zai biya, farashi kawai yake so. Ta ce farashin ya danganta da inshorar. Ya ce ai ya gaya mata babu. Ta ba shi lambar waya. Ya kira daga cikin mota, aka sa masa kiɗa na rabin awa, sannan wata murya ta ce sai ya kawo lambar aikin da za a yi masa, kuma likitan tiyata ne ke ba da lambar, likitan kuma ba ya ganin mutum sai an buɗe masa fayil. A asibiti na biyu an ba shi takarda mai ɗauke da wani adadi, amma a ƙasa an rubuta cewa ban da kuɗin mai sa barci, ban da kuɗin ɗaki, kuma adadin kansa yana iya canzawa.

Ya dawo gida ya zauna bai cire hula ba. Shi da ko bawul na taya ba ya ɗaura wa mutum sai ya faɗa masa kuɗinsa.

Ya kira Christy. Ta ce, "Ka gani ko, Mista Tas? Abin da nake gaya maka ke nan. Gwamnati ce ta lalata kasuwar. Tun da ita da kamfanonin inshora ke biya, wa zai damu ya rubuta farashi?" Ya ji maganar ta zauna daram.

Da yamma Houda ta dawo daga jami'a, inda take karatun kiwon lafiyar al'umma. Hausarta ta ɗan karkace, rabi sai ta cike da Turanci. Ta ce, "Baba, ba gwamnati ba ce. An bar su ne suna yin yadda suka so. Mutumin da ciki ke murɗa wa, ta ina zai ce ya yi tsada, zan duba gaba? Taya ana iya haƙura da ita. Wannan ba a iyawa." Ya ji wannan ma ta zauna daram, a daidai wurin da ta Christy ta zauna. Abin ya ba shi haushi.

Houda ta ƙara da cewa jihar da suke ciki ta faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, kuma da abin da shagon ke kawowa, shi ma ya cancanta.

"Ni? Ni Tassiou? Mutanen masallaci su ji?"

"Mutanen masallaci rabinsu sun yi rajista, Malam," in ji Ousseina daga kicin. "Ba su gaya maka ba ne don kada ka tsare su a rana."

Ya ƙi. Christy ta binciko masa wata cibiyar tiyata a wata jiha mai nisa, wadda ke buga farashinta a intanet, kuɗi hannu, ba ƙari ba ragi. Ya ji ransa ya dawo. Ya sa rana bayan Babbar Salla, ya fara shirin tafiya.

Saura sati uku, da tsakar rana, yana durƙushe yana kwance noti, ciwon ya kama shi kamar an soka masa ƙarfe mai zafi. Ya yi amai a gaban mai motar. Abin da ya iya tunawa shi ne fitilun silin suna wucewa, da wani saurayin likita yana cewa hanji ya shaƙe, yanzu-yanzu za a shiga da shi. Tassiou ya buɗe baki zai ce nawa ne, sai ya ji kalmar shahada ce ke fitowa.

Ya farka Ousseina na gefensa da carbi. Kwana biyu bayan haka wata ma'aikaciya ta shigo da takardu, ta yi bayanin cewa in ya cike yanzu, Medicaid na iya ɗaukar har aikin da aka riga aka yi. Houda ta riƙe biro. Ya dubi silin ya daɗe.

"In na sa hannu, waye ya biya?"

"Haraji, Baba."

"Harajin wa?"

"Naka. Da na Christy. Da na kowa."

"To kyauta ce ko ba kyauta ba?"

 Ousseina ta karɓi biron ta danƙa masa a hannu ta ce, "Malam, sa hannu, ka yi gardamar a gida." Ya sa.

Tun kafin ciwon ya yi wa Christy alkawarin zai yi jawabi a taron ƙungiyarsu, a wani zaure da ke Pleasant Garden. Houda ta ce ya ba da uzuri, ya ce alkawari ne. Ranar Asabar da hantsi ta tuƙa shi, yana dafe da ciki a kowace gargada.

Mutum kusan arba'in ne, galibinsu masu furfura. Ya fara da labarin tagar magani da kantocin da suka bushe, aka yi ta gyaɗa kai. Ya yi labarin bangon Dokta Nanret, aka tafa. Ya yi labarin yawon neman farashi, aka yi dariya, wani ya ce haka ne. Da a nan ya tsaya da ya fita gwarzo. Amma bai iya rabin labari ba. Ya ce sai ciwo ya kayar da shi, ba wanda ya yi ciniki, kuma takardar gwamnati ce ta biya, shi ya sa hannu da kansa.



Wani dattijo mai jar hula ya ɗaga hannu ya ce, "To kai yanzu kana wane ɓangare?"

"Ina nan inda nake," in ji Tassiou. "Ban yarda da gwamnati ba. Na ga abin da ta yi. Kasuwa nake so. Sai dai na je neman kasuwar ban same ta ba. Ku da aka haifa a nan, ku nuna min inda take." Sannan ya tambayi dattijon, don da gaske yana son ya sani, "Kai wa ke biya maka asibiti?"

Dattijon ya ce Medicare, ta tsofaffi. Tassiou ya ce ita ta wane kamfani ce. Aka yi 'yar dariya mara daɗi, don kowa ya san ta gwamnati ce. Dattijon ya ce wannan daban ce, shekara arba'in ana cirewa daga albashinsa, kuɗinsa ne ake mayar masa. Tassiou ya ce shi ma ai yana biyan haraji. Wata mata ta ce ba ɗaya ba ne. Ya ce ta yi masa bayani, ta fara, wani ya katse ta ya ce ba haka ba ne, kafin a ankara mutanen zauren sun bar shi tsaye suna gardama da juna. Ya lallaba ya zauna, don ɗinkin ya fara ja.

A waje Christy ta rako su har mota. Ba ta yi fushi ba, amma fuskarta ba walwala. Ta ce har yanzu tana ganin da an bar kasuwa tun farko, da aikin nasa bai kai tsadar da zai nemi taimakon kowa ba. Ya ce mai yiwuwa. Houda ta ce akwai ƙasashen da gwamnati ke riƙe da komai kuma magani bai yanke ba. Ya ce ita ma mai yiwuwa. Duk su biyun suka dube shi kamar ya ci amanarsu.

Yanzu ya koma shago, sai dai likita ya hana shi ɗaga abu mai nauyi, don haka ya sayi jak mai amfani da iska. Katin gwamnati na cikin walat ɗinsa, a bayan lasin tuƙi inda ba a gani. Dokta Nanret kuma bai daina biyanta wata-wata ba, ko da yake Ousseina na cewa wannan biya biyu ne a kan ciwo ɗaya. Lokacin zaɓe ya shiga rumfa ya daɗe har wata ma'aikaciyar zaɓe ta leƙo ta tambaya ko na'urar ce ta lalace. Bai gaya wa kowa abin da ya zaɓa ba.

Watan jiya wani baƙo mai suna Moctar, sabon zuwa daga Damagaram, ya same shi a shago ya ce an ce masa shi ne masanin harkar asibitin ƙasar nan, me ya kamata ya yi wa iyalinsa. Tassiou ya jawo masa kujera, ya haɗa shayi, ya yi bayani na awa ɗaya da rabi. Da Moctar ya tashi tafiya sai ya ce, "Malam, ka gafarce ni, ban gane ba. In yi rajistar ko kada in yi?"

Tassiou ya goge hannu da tsumma, ya tambaye shi:

"Yara nawa gare ka?"

"Uku."

"Je ka yi," in ji shi. "Amma ka sani ban goyi baya ba."